Ziyara Zuwa Aro

Daga Ikko muka shiga jirgin ƙasa da safe, kafin azahar mun sauka Abeokuta, garin Dutsen Olumo. Na yada zango a Sabo, unguwar Hausawa. Da na faɗa wa mai masaukina Aro za ni, sai ya dube ni, ya ce, "Malam, lafiya dai ko?" Muka yi dariya, amma tambayar nan ta bi ni har ƙofar asibitin.

Aro dai a bakin gari take, nan ne babban asibitin masu ciwon tabin hankali. Sunanta ya zama abin zolaya a Kudu, kamar yadda mu kan yi da Dawanau ko Kware. Matar mai masaukina ta ce ko kyauta ake magani, akwai waɗanda ba za su taka wurin ba. Wani yana tsoron a ce gidansu da hauka, 'yan'uwansa mata su rasa miji. Wani ya gaskata sammu aka yi masa, me likita ya sani? Wani kuwa tsoron kulle ne.

Tsoron nan fa yana da tushe. A 1944 tsohon kurkuku ne a Lantoro, cikin garin nan, aka mai da shi gidan ajiye marasa lafiyar. Da Likita Thomas Adeoye Lambo ya komo daga Ingila, sai ya sāke dabara a 1954. Ya roƙi mutanen ƙauyukan da ke kewaye da Aro su ba majiyyata masauki. Kowanne ya zo da ɗan'uwa, watau uwa ko 'yar'uwa, mai dafa masa abinci. Da rana ya je asibiti, da yamma ya koma cikin jama'a. Likitan bai raina masu maganin gargajiya ba, har ya yi aiki tare da waɗansunsu. Da haka mutane suka saki jiki suka kawo nasu.

Lambo ya rasu a 2004. A hanyar komowa na yi ta tunani: rashin kuɗi kan hana mutum magani, amma kunya ma ta kan hana. Mai karatu, in akwai wani a gidanku wanda damuwa ta hana shi barci da cin abinci, kada ka tsaya ga ce masa, "Je ka asibiti." Tashi ka raka shi.