Sifaniyancin da ba na ciniki ba

Duk ɗan kasuwar da ya tsallako daga Kiyosi ta Kamaru ya shiga Ebebiyin, Sifaniyancin da yake fara kamawa na ciniki ne: cuánto, nawa, caro, tsada, barato, araha. Da su da ɗan Faransancin da aka taho da shi, sai mutum ya yi shekaru yana sayar da atamfa a Bata ko Malabo. To amma ranar da aka fasa shago, waɗannan kalmomi ba sa fitar da kowa.

Ni a 2022 na ɗauki littafi na fara rubuta kalmomin tsaro. Shekarar ce gwamnatin Gini Ikwatoriya ta shiga kamen gungun matasan da ake kira Ocho Machetes, wato adda takwas, aka hana matasa fita da dare. Ina da yaran shago biyu, sai da na zaunar da su na bambance musu toque de queda, dokar hana fita, da redada, samame. Yaron da bai san su ba zai ji a rediyo ya wuce abinsa, ya je ya afka.

Abin da ya fi ba ni sha'awa shi ne su ma sun rarraba sata kamar yadda muka rarraba ta. Mu muna da sata, da sane, da ƙwace, da fashi, da damfara. Su kuma hurto, ana faɗinsa "urto" don ba a furta h, ɗauka ce a ɓoye ba tare da ƙarfi ba. Robo sai an fasa ƙofa ko an yi wa mutum ƙarfi. Atraco fashi ne, an tare ka da makami. Estafa damfara, wanda ya karɓi kaya ya ɓace. Idan ka je comisaría, ofishin 'yan sanda, yin denuncia, wato kai ƙara, kalmar da ka zaɓa ita za ta hau takarda.

A nan ne kawaicinmu yake cutar da mu. Bahaushe za a kwashe masa rabin jari ya ce "an ɗan taɓa ni". Na raka wani maƙwabcina, dattijo, da aka ɓalle masa kwaɗo cikin dare. Sai ya ce perdí, na ɓatar. Na ce, "Alhaji, ba ɓatarwa kuka yi ba, ku ce me robaron, an yi mini sata." Da an rubuta ta farkon, da maganar ta mutu a teburin.

Akwai kuma seguro, mai fuska uku: wuri mai aminci, tabbas, da inshora. Kafin ka bi wata unguwa bayan isha'i ka tambayi direban tasi ¿es seguro?, ba ¿estás seguro? ba, don ta biyun tambayarsa kake ko ya tabbata.

Mata su ne suka fi wuni a gida su kaɗai, don haka 'yarmu da ke firamare ta rubuta wa uwarta huɗu a kwali, ta manna kusa da ƙofar kicin: socorro, a kawo ɗauki, ladrón, ɓarawo, fuego, gobara, cuidado, hattara. Maman yara ta ce ladrón ce ta fi shiga bakinta, don tana da daɗin ihu.