Ciwon maƙogwaron da muka raina

Mu ƴan ƙwallon layinmu a Ƙofar Marke, babu wanda ya damu lokacin da golanmu ya ce haɗiyar yawu na yi masa zafi. Hunturu ne, ƙura ta rufe Sakkwato, rabinmu ma murya a dishe take. Muka saya masa Tom-Tom, kakarsa ta dafa citta da kanumfari, ta ce: "Wanga sanyi na, yana wucewa." Kuma ya wuce. Kwana biyar ya dawo raga.

Bayan mako uku gwiwarsa ta kumbura. Washegari ciwon ya koma idon sawu, sannan gwiwar hannu, ga zazzaɓi. Muka ɗauka targaɗe ne, amma wane targaɗe ne ke yawo daga gaɓa zuwa gaɓa? A Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Danfodiyo, tambayar farko da likita ya yi ta ba mu mamaki: ko ya yi ciwon maƙogwaro kwanan baya?

Daga nan muka fara jin sunan sitireftokokas, bakteriyar da ke jeruwa kamar tasbaha idan an duba ta a madubin likita. Wata masaniya ƴar Amurka, Rebecca Lancefield, ita ta rarraba ta rukuni-rukuni a 1933, kuma rukunin A ne ya fi kama maƙogwaron yara masu shekara 5 zuwa 15.

Idan ta shiga, garkuwar jiki ba ta zama. Wasu fararen ƙwayoyin jini sukan cinye ta, su kai gutsattsarinta cikin kaluluwar wuya (shi ya sa ƙarƙashin haɓa ke kumbura). A can ake zaɓo ƙwayoyin da ake kira B waɗanda suka dace da siffar wannan baƙuwa, su hayayyafa, su fara fitar da antibodi, wato sinadarin da ke manne wa bakteriya don a gane ta a kashe. Aikin yakan ci mako ɗaya zuwa uku. Wasu ƙwayoyin B ɗin sukan zauna shekaru suna riƙe da kamanninta. Sai dai rigar da take sanye da ita, furotin M, ta haura iri 200, kuma antibodin wannan iri ba lallai ya gane wancan ba. Dalilin da ya sa mutum ke sake kamuwa ke nan.

Abin da ya fi tsaya mana a rai shi ne, rigar nan ta ɗan yi kama da naman zuciya da na gaɓoɓi. A jikin wasu yara ƙalilan, antibodin kan ruɗe ya afka wa nasa. Gaɓoɓi kan warke. Ƙyauren da ke buɗewa da rufewa cikin zuciya kuwa yakan yi tabo, kuma duk sabon kamu ƙara masa yake yi.

Yawancin ciwon maƙogwaro na mura ne, da kansa yake tafiya. Wanda ya zo da zazzaɓi da zafin haɗiya, babu tari babu majina, shi ne na kai wa asibiti. Fenisilin na kwana 10, ko allura ɗaya, da ya isa ya tare duk wannan. Kwana 10 cif, ko da zafin ya daina tun rana ta uku. Rigakafin rukunin A kuwa har yanzu masana na nema.

Yanzu kowane wata ana yi wa golanmu allurar fenisilin, kuma zai yi shekaru a haka. Allurar na da zafi, mun ga fuskarsa. Mun raba watanni tsakaninmu, kowa da ranar rakiyarsa. Likita ya ce a dakata da ƙwallo sai an sake duba zuciyar, don haka shi ke riƙe mana usur.