Gayyar karatu

Kowane ƙauye yana son likitarsa ta samu ma'aikacin da ya san aikinsa, mai jin harshen mutane, wanda ba ya ƙyamar talaka. Amma ma'aikacin jinya ba ya tsirowa shi kaɗai kamar tafasa a bakin hanya. Sai an shuka, an yi noma, an yi maimai. Ga labarin wata ɗiyar manomi daga ƙasar Mirriya, cikin jihar Damagaram. Ita ce ƙarama a ɗakinsu, don haka Auta ake ce mata. Ku karanta, ku kuma karanta wa waɗanda ba su iya ba tukuna, musamman masu ɗiya a lakwal.

Ƙofar da kowa yake bi

A Nijar, yaron da ya samu takardar BEPC yana iya shiga makarantar kiwon lafiya, ya yi shekara 3, ya fito ƙaramin ma'aikacin lafiya. Wanda ya samu BAC shi ma shekara 3 yake yi, ya fito da takarda mafi girma. Gwamnati tana da makaranta a Yamai, wadda aka sa wa sunan Damure Zika, wani tsohon ma'aikacin jinya da ya rasu a 2009. Tana da wata a Damagaram. Akwai kuma makarantu masu zaman kansu a manyan garuruwa. Amma ko ina yaro ya yi karatu, ƙofar fita guda ce: jarrabawar ƙasa. Akwai ta rubutu, akwai ta aikin hannu a gaban malamai. Wanda ya faɗi, sai ya jira wani zagaye.

Auta ta yi shekara 3 tana karatu. Kowace kaka ubanta yana saida wake, wani lokaci har da rago, don ya biya kuɗin makaranta. A shekara ta biyu aka yi mata aure. A ta uku ta haihu. Da ya rage mako 6 a yi jarrabawa, tana da goyon wata 8, kuma tana koyon aiki a wata likitar karkara kusa da garin mijinta.

Lokacin kuwa damina ce. Masassarar cizon sauro ta cika likita da yara. Ga kuma rabon maganin rigakafin masassara, wanda aka fara a ƙasar nan tun 2013. Wata-wata ake bi gida-gida, ana ba yara ƴan wata 3 zuwa shekara 5. Duk mai hannu a likita sai ya fita. Auta tana barin gida da sassafe, ba ta komowa sai bayan azahar. Wasu ranaku a can take kwana. In ta komo, ga ɗebo ruwa, ga daka, ga tuwo, ga yaro yana kuka. In ta buɗe littafi bayan lisha, barci ya kwashe ta kafin ta kai ƙarshen shafi.

Ƙidayar lokaci

Wata rana ta zauna ta ƙidaya lokacinta, kamar yadda maigida yake ƙidaya dammunan da suka rage a rumbu. Ta ga ba ta samun abin da ya wuce minti 40 a yini. Mako 6 kwana 42 ke nan. In an tara, awa 28 kawai. Karatun shekara 3 ba ya shiga awa 28, kamar yadda hatsin gona ba ya shiga ƙwarya guda.

Ta yi kwana biyu tana juya abin a zuci. Sannan ta je ɗakin uwar mijinta, ta durƙusa.

"Inna, ina da magana."

"Faɗi, ɗiyata."

"Inna, lokaci ya ƙure mini. In na ci gaba haka, faɗuwa zan yi. Kuɗin Baba kuma sun tafi a banza."

Tsohuwa ta yi shiru. Can ta ce: "Gonar da ta fi ƙarfin mutum guda, gayya ake kira mata. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Tashi ki kira mini wancan yaron."

Wancan yaron shi ne mijin Auta. Ɗan fari ne, shi ya sa ba ta faɗin sunansa.

A daren nan aka raba aiki. Inna ta ɗauki goyo daga la'asar zuwa lisha, ba a kawo shi sai in zai sha nono. Ƙanwar miji ta ɗauki ruwa da wanke-wanke. Maigida ya ce a bar daka, zai riƙa kai hatsi injin niƙa. Ranar kasuwa ya sayo fitila mai aiki da hasken rana. Da haka Auta ta samu awa 3 a yini: awa guda bayan asuba, rabin awa da la'asar, awa guda da rabi da dare. Awa 28 ta koma awa 126.

Maƙwabta ba su bar abin ya wuce ba. Wasu suka ce duniya ta lalace, matar gida tana zaune da takarda, uwar miji tana goyo. Inna ta ba su amsa guda: "Ranar da jikanku ya suma cikin dare, ƙofar wa za ku buga?"

Yadda ta yi da lokacin

Samun lokaci daban, sanin abin yi da shi daban. Abu na farko, Auta ba ta fara daga shafin farko ba. Ta nemo tambayoyin shekarun baya daga waɗanda suka riga ta. Ta kasa darussanta kashi uku: abin da ta sani, abin da ta sani rabi-rabi, da abin da ba ta sani ba. Kashi na farko ta ajiye shi sai makon ƙarshe. Awar asuba, lokacin da kai yake garau, ta ba kashi na uku. Mai gona kaɗan ba ya ɓata taki inda ƙasa ta riga ta yi ƙarfi.

Abu na biyu, ta bar karatun ido. In ta karanta darasi, sai ta rufe littafi, ta faɗi abin da ta riƙe, sannan ta buɗe ta ga inda ta yi kure. Washegari ta sake. Bayan kwana 3 ta sake. Bayan mako guda ta sake. Tun 1885 wani Bajamushe mai suna Herman Ebingaus ya gwada wannan a kansa. Ya gano cewa mantuwa ta fi gudu a ranar farko, kuma maimaitawa a rarrabe ta fi maimaitawa a zama guda. Manomi ya daɗe da sanin haka. Noman fari shi kaɗai ba ya kashe haki, sai an komo an yi maimai.

Abu na uku, ta mai da gidan makaranta. Darussan da Faransanci suke. Amma ta lura in ba ta iya faɗin abu da Hausa har Inna ta gane ba, to ita ma ba ta gane ba, haddacewa kawai ta yi. Sai ta yanka kwali ƙanana. A gaba ta rubuta tambaya da Hausa, a baya ta rubuta amsa. Maigida ya yi yaƙi da jahilci, yana karanta Hausa da lambobi. Bayan lisha shi yake riƙe kwalayen yana tambaya.

"Zafin jikin mai lafiya nawa ne?"

"Wajen 37. In ya kai 38, masassara ce."

"Yaro yana zawo, me za a yi?"

"A zuba ƙunshi guda na garin gishiri da sukari cikin lita guda ta ruwa mai tsabta. A riƙa ba shi kaɗan-kaɗan. A ba shi ƙwayar zinki kwana 10 zuwa 14. Kada a hana shi nono."

"In babu ƙunshin fa?"

"Lita guda ta ruwa, ƙaramin cokali 6 na sukari a shafe, rabin ƙaramin cokali na gishiri."

"Awon damtsen yaro?"

"In bai kai milimita 115 ba, ja ke nan, tamowa mai tsanani, sai likita. Daga 115 zuwa 125, ruwan ɗorawa, a kula. Sama da haka, tsanwa."

Kafin wata ya ƙare, Inna da ƙanwar miji sun riƙe rabin amsoshin. In Auta ta yi kure, daga bakin murhu ake gyara mata.

Lissafi shi ne ƙashin da ya tsaya mata a wuya, musamman na ƙarin ruwa. A robar da aka saba sawa, ɗigo 20 shi ne mililita guda. In likita ya ce kwalba mai mililita 500 ta shiga jiki cikin awa 4, ɗigo nawa za a sa a minti guda? Maigida ma'auni ne a kasuwar hatsi, lissafi abincinsa ne. Ya ce: 500 sau 20, ɗigo 10.000 ke nan. Awa 4 minti 240 ce. A raba, a samu kusan 42. Kullum sai ya ba ta uku irin wannan kafin ta kwanta. Wannan ba wasa ba ne. Ruwan da ya yi gudu a jijiyar ƙaramin yaro yana iya cika masa huhu.

Daren da ba a yi karatu ba

Saura kwana 9, wajen ƙarfe 10 na dare, wata maƙwabciya ta yi sallama. Tana cikin masu surutun nan. Ɗanta ɗan wata 10 yana tari tun jiya, jiki zafi. Auta ta ajiye littafi. Ta kwance masa riga, ta jira ya natsu, ta duba agogo, ta ƙidaya numfashinsa minti guda cur. Ta samu 58. Ga yaron da yake tsakanin wata 2 da shekara guda, numfashi 50 ko fiye ya yi sauri. Daga shekara 1 zuwa 5, iyakar 40 ce. Ta kuma ga ƙasan ƙirjinsa yana lotsawa in ya ja iska.

Ta ce: "Yaya, wannan ba mura ba ce, ciwon huhu ne. Ba na jira sai safe ba ne. Ni ban da ikon ba shi magani. Mu tafi likita yanzu."

Maigida ya ɗaura amalanke. Ba su komo ba sai da asuba. Karatun dare ya tafi, na asuba ma ya tafi. Yaron ya warke. Daga ranar, maƙwabciyar take aiko ɗiyarta ta yi wa Auta shara.

Ranar jarrabawa

A makon ƙarshe ba ta taɓa sabon darasi ba. Ba a fafe gora ranar tafiya. Ta bi kwalayenta daga farko zuwa ƙarshe. Ta roƙi shugaban likitar ya tsaya a kanta, ya ga yadda take wanke hannu, da awon jini, da ɗaurin rauni, da allura, ya gyara mata. Daren jajibiri ta kwanta da wuri, domin kan da bai yi barci ba kamar jakin da bai sha ruwa ba ne. Inna ta bi ta har Damagaram da goyo, ta zauna a inuwa a waje, don yaro ya sha nono lokacin hutu.

Da sakamako ya fito, sunan Auta yana ciki. Ba ita ce ta ɗaya ba, amma ta wuce. Takarda ba ta ba da albashi nan take, sai an jira a ɗauki ma'aikata. Kafin nan ta ci gaba da taimako a likitar da ta koyi aiki. Ubanta da ya ji labari bai ce komi ba, sai ya aika wa Inna tiya biyar ta wake da goro.

Kira ga masu gida

Manoma da makiyaya, da yawa cikinku kuna biyan kuɗin lakwal da guminku. Madalla. Amma kuɗi rabin aiki ne. Yaro namiji in jarrabawa ta matso, akan bar shi ya zauna da littafi. Ɗiya mace kuwa tulu yana jiran ta, turmi yana jiran ta, tukunya tana jiran ta. In ta faɗi, a ce ba ta da kai. Alhali lokaci ne ba ta da shi.

In kuna da ɗiya ko matar ɗa mai shirin jarrabawa, ku zauna ku ƙidaya mata awoyinta. Ku tambayi juna: wa zai ɗauki ruwa, wa zai ɗauki daka, wa zai ɗauki goyo? Wanda ya iya karatu ya riƙe mata takarda ya yi tambaya. Wanda bai iya ba ya saurara, shi ma zai ƙaru. Mako 6 ba shekara ba ne. Da yayyafi kogi kan cika, kuma ruwan nan garinku ne zai sha.