Yini guda a Hoboken, inda aka ci wasu 23 da 1

Wankan jego ne ya kai ni Amurka. 'Yata ta fari ta haihu a Jersey City, cikin jihar New Jersey, kuma kun san halinmu iyaye, hankali ba ya kwanciya sai an ga an yi arba'in lafiya. Sati uku ina cikin gida, daga dama kunun kanwa sai gasa cibiyar jaririya, ban san komai na garin ba sai abin da nake hangowa ta taga. Wanda ya yi sanadin fitata shi ne babban ɗanta mai shekara 10, angon nawa.

Wata Asabar ya dawo daga wasa, ya jefar da safar hannunsa ta fata a bayan ƙofa, ya ce shi da bezbol har abada. An yi wa ƙungiyarsu cin kaca, kuma sau biyu ƙwallo na suɓuce masa a gaban jama'a. Uban ya kashe kuɗi ba kaɗan ba wajen rajista da kayan wasa, don haka ransa ya ɓaci. Uwar kuma ga jego ga damuwa, domin wasan nan ne kaɗai ke raba yaron da waya. Kwana uku gidan ba daɗi.

Ranar Lahadi ta gaba surukina ya durƙusa ya gaishe ni, ya ce, "Mama, ko za ki raka mu Hoboken? Akwai abin da nake so in nuna masa." Da a gida ne, kunya ba za ta bar ni in jera da suruki a titi ba. Amma baƙunta tana sassauta wasu abubuwa, sai na ɗauki mayafina.

Ga wadda ba ta taɓa ganin wasan ba: mutum ɗaya yana jefo ƙwallo, wani yana dukanta da kulki, sannan ya ruga ya zagaya tashoshi huɗu da aka jera a fili. Idan ya dawo inda ya tashi ba a fitar da shi ba, ƙungiyarsa ta ci ɗaya. Yau wasa ne na manyan kuɗi. Amma akwai lokacin da ba a biyan kowa ko sisi, kuma labarin wannan lokaci ne ya kai mu Hoboken.

Daga Jersey City tafiyar ba nisa, 'yan mintoci ne a jirgin ƙasa na cikin gari. Mun sauka a babbar tashar Hoboken, ginin 1907 da aka lulluɓe da tagulla, wadda ta rikiɗe ta zama kore saboda daɗewa. Da fitowa sai ga kogin Hudson a gabanmu, a ɗaya gaɓar kuma dogayen benayen Manhattan, kusa sosai kamar ka miƙa hannu ka taɓa. Garin ƙarami ne, faɗinsa bai wuce mil ɗaya da 'yan kai ba. Muka bi titin Washington muka yi arewa da ƙafa, tsakanin shaguna da gidajen jan bulo, mata na tura 'ya'yansu a keken jarirai.

A mahaɗar titin Washington da titi na 11 surukina ya tsaya. Na duba ban ga fili ba, sai kwalta da motoci da danja. Shi ne ya nuna mana ƙasa: a kowace kusurwa ta mahaɗar an dasa alamar tasha ɗaya ta bezbol, ga kuma allon tarihi a tsakiyar titi. A wannan yanki ne ake da filin da ake kira Elysian Fields, wata makekiyar dausayi a bakin kogi mallakar iyalan Stevens, inda mutanen New York ke tsallakowa a jirgin fito su sha iska.

Cikin masu tsallakowar har da wasu samari da suka kafa ƙungiya mai suna Knickerbocker a watan Satumba na 1845. Akawuna ne da 'yan kasuwa da ma'aikatan banki, har da likita. Da a Manhattan suke wasansu, a fegin da babu gini, amma gari yana ta cikowa, duk filin da suka saba da shi sai a wayi gari an fara tona harsashi. Dole ta sa suka riƙa biyan kuɗin fito suna zuwa Hoboken. Da na ji wannan sai na tuna filin bayan gidanmu a Kano, inda 'ya'yana suka yi ƙwallo da langa. Yanzu shaguna ne a jere, yaran unguwa kuma a tsakiyar titi suke buga tamaula, suna kaucewa babura.

Waɗannan samari sun rubuta dokoki 20. Ɗaya daga ciki ta hana abin da aka saba yi a da, wato a jefi mai gudu da ƙwallo a jikinsa don a fitar da shi. Mai jefa ƙwallo ta ƙasa yake lilo da hannu ya sako ta. Babu safar hannu, da tafin hannu ake cafewa, kuma idan ƙwallon ta taɓa ƙasa sau ɗaya aka cafe, mai dukan ya fita. Ƙungiyar da ta fara kai 21 ita ce ta yi nasara. Akwai kuma tara ga wanda ya yi ashar ko ya yi wa alƙalin wasa gardama.

Kakar wasa ta 1846 ita ce cikakkiyar shekararsu ta farko. Daga lokacin da sanyi ya tafi har ya kusa dawowa, yawancin wasanninsu tsakaninsu ne: su tsallako bayan aiki, su kasa kansu gida biyu, su buga, su rubuta sakamako a littafin ƙungiya, sannan su ci abinci tare kafin su koma. Sai ranar 19 ga Yuni suka kara da wata ƙungiya ta New York wadda ta fi su gogewa. Zagaye huɗu kacal aka yi, aka tashi 23 da 1. Su da suka rubuta dokokin, su aka lallasa. A wasan ne ma aka ci wani ɗan wasa tarar santi 6 saboda ashar. Mutanen Hoboken na alfahari da wannan rana a matsayin mafarin wasan, ko da yake masana tarihi sun gano an yi wasu karawar kafin ta, har a wannan fili a watan Oktoban 1845.

Angon nawa, da tun daga tasha yake jan ƙafa yana cika yana batsewa, ya ɗago kai ya ce, "23 da 1? Ai sun fi mu shan kashi." Uban ya ce ƙwarai. Yaron ya tambaya, "To sai suka daina?"

Ba su daina ba, amma abin bai zo musu da sauƙi ba. Sai a 1851 suka sake karawa da wata ƙungiya ta waje. A tsakanin nan ƙungiyar ta kusa mutuwa saboda rashin zuwan mutane. Likitan cikinsu, Daniel Adams, wanda ya zama shugabansu a 1847, ya ba da labari da ya tsufa cewa wata ranar mutum biyu ko uku kawai yake tararwa a fili, sai su yi ta jefe-jefe da duka da abin da ya samu. Shi ne kuma yake haɗa musu ƙwallo da hannunsa: guntayen roba, a naɗe da zare, a rufe da fata. Shekaru ya yi yana wannan aiki ba wanda ya biya shi. Alexander Cartwright kuwa, ma'aikacin bankin da aka fi danganta kafa ƙungiyar da shi, ya bi masu neman zinariya zuwa Kalifoniya a 1849, daga can ya wuce Honolulu, inda ya rasu a 1892.

A 1857 ƙungiyoyin New York da kewaye suka yi taro, Adams ne ya shugabance shi, aka tsayar da zagaye 9 da ake yi har yau. A 1869 ƙungiyar Red Stockings ta garin Cincinnati ta fito da 'yan wasa da dukkansu albashi ake biyansu. 'Yan Knickerbocker ba su bi wannan hanya ba, suka ci gaba da wasansu na sha'awa har ƙungiyar ta shuɗe. Filin ma ya bi su. Gidaje suka cinye shi, daga baya aka gina masana'antar kofi ta Maxwell House a bakin ruwan, ita ma aka rufe ta a 1992, yanzu benayen zama ne a wurin. Abin da ya rage shi ne wani ɗan lambu mai suna Elysian Park, da lilo da bencina a ƙarƙashin itatuwa.

A nan muka zauna, na kwance ƙullin dambun naman da na taho da shi daga gida. Surukina ya gaya wa yaron cewa a dokar 1845, daga tashar farawa zuwa wadda ke fuskantarta taku 42 ne. Ai kuwa ya miƙe ya fara ƙirgawa, yana buɗe ƙafa kamar babban mutum, har ya kusa faɗawa cikin shukoki. Na ce masa, "Kai ango, wannan takun naka ko akuya ba za ta gaji ba." Ya ce, "Kaka, ke zo ki gwada mana." Ban gwada ba, gwiwa ba ta yarda.

Uban bai yi masa wa'azi ba, ni ma na kame bakina, duk da cewa maganganu sun cika min ciki. A hanyar komawa tasha yaron ya yi ta tambaya: yaya ake cafe ƙwallo ba safa, hannu ba ya fashewa? Nawa ne santi 6 a kuɗin yanzu? Likitan nan ba ya jin haushi idan ya zo bai tarar da kowa ba?

Ranar Talata da yamma ina shanya kayan jaririya na ji yana tambayar uwarsa inda aka ajiye safar hannunsa. Tana nan a bayan ƙofa inda ya jefar da ita, domin na hana kowa ɗauka. Wasan da suka yi ranar Asabar ma an ci su, amma da ɗan dama, ya dawo yana ba ni labarin ƙwallo ɗaya da ya cafe.

Ni kuma tun da na dawo nake ta zancen fili da matan unguwarmu. Akwai wani kango kusa da makarantar allo da har yanzu ba a gina ba, mun yi shawarar mu tura mazajenmu wurin mai unguwa kafin a kai masa bulo.