Darasin Antakiya: Kada Ka Yi Gaggawar Yar da Mutum

Ɗana, matso kusa ka ji. Abin da babba ya hango yana zaune, yaro ko ya hau rimi ba zai hango shi ba. Labarin Antakiya zan ba ka, birnin da Sarki Salukas ya kafa a bakin kogin Asi shekara 300 kafin haihuwar Almasihu. A daular Rumawa, in ka cire Roma da Iskandariya, babu birnin da ya kai ta. Yau tana kudancin Turkiyya.

Tun ina saurayi, ina bin masu bishara ƙauye-ƙauye a kan keke, nake karanta labarinta a Ayyukan Manzanni. Waɗanda suka fara kai mata bishara 'yan gudun hijira ne da suka watse bayan an jajjefe Istifanas a Urushalima. Da Barnaba ya zo ya ga yadda jama'a ke ƙaruwa, sai ya tafi Tarsus ya nemo Shawulu, wato Bulus, mutumin da a dā yake jan masu bi zuwa kurkuku. Shekara guda cur suka yi suna koyarwa, a nan ne kuma aka fara kiran almajirai Kirista. Sai daga baya ikilisiya ta yi azumi, ta ɗora musu hannu, suka gangara Salukiya suka shiga jirgi zuwa Kubrus.

Ka lura, ɗana, sun zauna kafin su tashi. Ba a fafe gora ranar tafiya. Ka kuma lura cewa Barnaba bai auna mutum da jiyansa kaɗai ba.

Na ga irin wannan da idona. Wata damina mun nufi wani ƙauye da wani yaro, rafi ya cika ya tare mu, ga sauro, guzuri kuma ya ƙare. Cikin dare ya naɗe tabarmarsa ya gudu gida. Dattawa suka ce a soke sunansa. Wata gyatuma ta miƙe da sandarta ta roƙa a sake gwada shi. Yaron nan a wannan ƙauyen ya yi furfura, yana koya wa yara karatu.

Haka Markus, wanda ya bi Bulus da Barnaba a waccan tafiya, ya yi; daga Bamfiliya ya juya ya bar su. Da za a sake fita daga Antakiya, Bulus ya ce ba za a tafi da shi ba, Barnaba ya kafe. Gardama ta yi zafi har suka rabu: Barnaba ya ɗauki Markus zuwa Kubrus, Bulus ya ɗauki Sila. Bayan shekaru, Bulus da kansa ya rubuta wa Timoti ya zo masa da Markus, domin yana da amfani a aikin.

Saboda haka, ranar da na ƙasa da kai ya ba ka kunya, ka tsawata masa, ka gaya masa gaskiya komai ɗacinta, amma kada ka rufe masa ƙofa. Hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar. Mahaƙurci mawadaci. Allah ya yi maka albarka.