Ruwan Baftisma a Dakoro

Saƙon kawu gajere ne: za a yi wa ɗiyarsa baftisma ranar Ista, in zo in shaida. Da asubar Asabar na shiga mota a tashar Maradi. Kafin rana ta buɗe mun wuce Tsibirin Gobir, inda 'yan mishan na SIM suka zauna a 1927, inda kuma kakana na wajen uwa ya koyi karatun Littafi Mai Tsarki. Daga nan hanya ta miƙe arewa, kilomita ɗari da 'yan kai, ta Kornaka. Bazara ce, gonakin hatsi fayau, gawo kaɗai ke da ganye. A bakin wata rijiya na ga raƙumi yana jan igiyar wasaki, ya yi nisa har ya ƙanƙance a idona kafin ruwan ya iso baki.

Da dare, bayan mun sha fura da kawu a tsakar gidansa, hira ta kai mu inda ta saba kai mu. Ni ɗan Katolika ne ta wajen uba. An zuba mini ruwa a goshi ina jariri a majami'ar Notre-Dame de Lourdes ta Maradi, tun kafin ta zama kujerar bishop a 2001. A wurinmu sakramenti bakwai ne, kamar yadda taron Trent ya tabbatar a 1547: baftisma, tabbatarwa, jibin Ubangiji, tuba, shafa wa majinyaci mai, naɗin firist, da aure. An koya mana cewa Allah da kansa yake aiki ta cikin ruwan da man, ko da jaririn bai san abin da ake yi ba. Su kawu kuwa, da yake ba 'yan Katolika ba ne, sakramenti biyu suka riƙe, baftisma da jibi, domin a ganinsu su ne Yesu ya umarta da bakinsa.

"Ɗana," in ji shi, "ruwa ba ya ba mutum bangaskiya. Sai ta yi wayo ta ce ta yarda, sannan a nutsar da ita gaban jama'a."

"To Kawu, in shaida ce kawai, me ya sa kuka kwana biyu kuna tara ruwa?"

Ya yi murmushi bai amsa ba, ya tashi ya haska mini kwamin siminti a harabar majami'arsu. Babu gulbi a nan da za a shiga. Jarka jarka aka kawo ruwan a amalanken jaki, kowane gida da tasa gudummawar, har wani maƙwabci Musulmi ya ba da aron jakinsa.

Washegari su huɗu ne cikin fararen kaya. Fasto ya shiga kwamin, ruwa iya ƙugu. Ya tambayi ɗiyar kawu ko ta ba da gaskiya, ta amsa da murya mai rawa, ya kwantar da ita har ruwa ya rufe fuskarta, ya tashe ta. A darasin katikisim an sha gaya mini ma'anar wannan: a binne tsohon mutum tare da Almasihu, sabo ya tashi. Ban taɓa ganin binnewar da idona ba sai ranar. Mahaifiyarta ta rangaɗa guɗa tana hawaye.

Aka koma ciki don jibi. Burodin kasuwa ne aka gutsuttsura a faranti, da jan ruwan sobo a ƙananan kofuna maimakon ruwan inabi. Ban karɓa ba, domin ƙa'idar ikilisiyata ba ta ba ni dama ba, kuma na ji zafin hakan ƙwarai, ina zaune kafaɗa da kafaɗa da ɗan'uwan mahaifiyata. Har yanzu ina nan kan abin da aka koya mini. Amma mutanen da suka raba ruwan shansu a watan Afirilu don su cika kwami, ban yarda cewa alama kawai suka ɗauke shi ba, ko me kawu zai faɗa.

Da la'asar ba a zubar da ruwan ba. Yara suka riƙa ɗiba da bokiti suna ba 'yan itatuwan dogon yaro da aka dasa a jikin katanga, sauran aka kai wa jakin maƙwabci. Ina rataye da jakata zan tafi tasha, ɗiyar kawu ta biyo ni da ƙullin cuku in kai wa mahaifiyata, kitsonta bai gama bushewa ba.