Maraɗi, Garin da Labari Ke Riga Kaya Isowa

Matafiyin da ya taso daga Yamai da asuba, ya bi ta Doso da Dogon Dutsi da Birnin Ƙonni da Madawa, yakan iso Maraɗi bayan ya ci kilomita wajen 660, galibi rana ta yi sanyi. Tun kafin ya shiga gari zai ga alamar cewa ba noma kaɗai ya riƙe wurin ba, domin kuwa manyan motoci ne jere a gefen titi, an lulluɓe kayansu da tamfol, direbobi da yaran mota sun shimfiɗa tabarma a ƙarƙashi, kowanne da salula a kunne ko a tafin hannu. Maraɗi ba ta da teku, ba ta da jirgin ƙasa, amma shinkafar Indiya da ta Tailan, da babura da atamfar ƙasar Sin, da madarar gari ta Turai, duk a shagunanta suke kwana. Wannan shi ne abin da masana ke kira dunƙulewar duniya, wato kasuwannin ƙasashe su haɗe har abin da aka yanke a wata nahiya ya taɓa tukunyar mutumin wata nahiya. Mutanen Maraɗi sun daɗe a cikin abin tun kafin a raɗa masa suna.

Garin farko, wanda sarakunan Katsina suka kafa a farkon ƙarni na 19, a cikin fadamar Gulbi yake. Ambaliyar 1945 ce ta hau da shi tudu, shi ya sa baƙo yake ganin tituna a miƙe kamar an ja su da zare. Gyaɗa ce ta fara ɗaure garin da kasuwar duniya: manomi ya noma, ɗan kasuwa ya auna, kamfanonin Turawa su kwashe zuwa bakin teku, farashi kuwa can ƙetare ake yanke shi. Da farin 1973 da 1974 ya karya gyaɗa, sai Alhazan gari suka juya ga wani fatauci. Kaya su sauka a tashar jiragen ruwa ta Kwatano, su hauro ta Paraku da Gaya, su huta a Maraɗi, sa'an nan su tsallaka Najeriya ta Ɗan Isa da Jibiya, tafiyar da ba ta wuce kilomita 50 ba. Yawancin manyan gidajen da ake nuna wa baƙo a yau, da wannan hanya aka gina su.

A wancan zamani labari tafiyar mota yake yi. Ina yaro a ƙarshen shekarun 1990 na ga ƙarshen abin a zauren mahaifina, inda ƴan kasuwa kan zauna bayan la'asar a rubuta musu wasiƙa da ajami, a naɗe, a ba direban da zai kwana Kano. Wanda maganarsa ta yi yawa, ko wadda ba ta son malam ya ji sirrin gidanta, sai a sayi kaset a ɗauki murya, a aika wa ɗa ko miji da ke ci-rani a Abijan ko Legas, amsa kuwa sai bayan wata guda ko biyu. Tarho yana gidan waya da gidajen ƴan ƙalilan. Saboda haka sanin farashi dukiya ce mai zaman kanta. Dillalin da ya san nawa buhun wake ya kwana a Dawanau ta Kano, alhali kuwa mai waken bai sani ba, da wannan sani yake ciyar da iyalinsa, kuma ba a ganin laifinsa, tunda shi ya sha ƙurar hanya ya jiyo.

Salula ta shigo Nijar a 2001, ta fara daga Yamai, ta bazu a hankali zuwa garuruwan kasuwa. Wata mai bincike Ba'amurkiya, Jenny Aker, ta bi farashin hatsi a kasuwannin ƙasar tsakanin 2001 da 2006, ta gano cewa inda layi ya isa, bambancin farashi tsakanin kasuwa da kasuwa ya ragu da kashi 10 zuwa 16 cikin 100. Dalilin a fili yake. Ɗan kasuwar da a da sai ya biya kuɗin mota ya je Damagaram ya tambayo, yanzu kira ɗaya ya ishe shi, kuma da ya ji inda hatsi ya yi tsada sai ya tura mota, tsadar ta sauka. Magidanci mai sayen tiya ya amfana ko da bai taɓa riƙe waya ba. Dillali kuwa sirrinsa ya tashi, ya zama dole ya nemi wani abin da zai sayar ban da labari.

Shi kansa layin da ake kiran da shi darasi ne. Kamfanin Celtel, wanda Mo Ibrahim haifaffen Sudan ya kafa, wani kamfanin Kuwait ya saye shi a 2005, ya koma Zain a 2008, sa'an nan ƴan Indiya suka saye shi a 2010 ya zama Airtel. Mai shayin bakin tasha yana nan da lambarsa, launin rumfar mai sayar da kati ne kawai ya yi ta sauyawa, alhali ribar kiransa ta sauya alƙibla daga wannan nahiya zuwa waccan. Wayar da ke hannunsa, Tecno ce ko Itel, kamfani guda ne na birnin Shenzhen na ƙasar Sin ke ƙera su, kuma gurbin layi biyun da ke cikinta kamar don ɗan kan iyaka aka yi shi: ɗaya na Nijar, ɗaya na Najeriya.

A ganina, babban sauyi ya zo ne da saƙon murya na WhatsApp, wanda aka ƙirƙiro a 2013 ya kuma game gari bayan wasu shekaru. Rubutaccen saƙo na ƴan boko ne, murya kuwa ta kowa ce. Kaset ɗin iyayenmu ne ya dawo, sai dai yanzu ba ya jiran direba. Ka zauna rabin sa'a a rumfar mai atamfa ranar Litinin ko Juma'a, ranakun da kasuwa ke cika, za ka ji abin da kunnenka. Yaron Alhaji yana Gwanzu ko Dubai, ya turo hoton zane goma, Alhaji ya nuna wa mata biyu da suka zo sayayya, ya danna ya ce a ɗauko na uku da na bakwai, a bar sauran. Matan aure da ba sa fita kasuwa sun buɗe shaguna a cikin wayoyinsu, suna sayar da turare da kayan ɗaki daga tsakar gida, kuɗi kuma su biyo ta Nita ko Al Izza ko Amana cikin ƴan mintoci. Ƴan canji ma, waɗanda ke zaune da damman naira da sefa a gabansu, ido ɗaya na kan waya, musamman tun watan Yuni na 2023 da Najeriya ta saki naira ta nemi farashinta a kasuwa, ta rasa fiye da rabin darajarta cikin ƴan watanni. Sefa tana ɗaure da yuro, naira tana yawo, mai sayar da rago a Jibiya ranar Lahadi yana tsakaninsu.

Sai dai murya tana tsallake iyaka, buhu ba ya tsallakewa sai an buɗe masa. Najeriya ta rufe iyakokinta na ƙasa daga Agustan 2019 zuwa Disambar 2020, musamman saboda shinkafar waje, kuma Maraɗi ta ji a jikinta. Watan Yuli na 2023 ya fi muni: Indiya ta hana fitar da wani kaso na farar shinkafarta, kwana shida bayan haka aka yi juyin mulki a Yamai, ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma ta sa takunkumi, aka rufe gadar Gaya, Najeriya kuma ta yanke wutar lantarki. Ɗan kasuwa yana iya ganin hoton motarsa a tsaye a Malanbil, yana jin muryar direbansa safe da yamma, ya san ranar da kayan suka fara lalacewa, amma ba shi da ikon matsar da ita taku ɗaya. Kakansa da ba ya samun labari sai bayan mako biyu, wataƙila ya fi shi barci. An ɗage takunkumin a Fabrairun 2024, iyakar Najeriya ta buɗe a watan Maris, amma ta Benin ta ci gaba da zama a rufe daga ɓangaren Nijar, kaya da yawa suka koma zagayowa ta Lome da Burkina Faso cikin rakiyar soja, kuɗin zagayen kuwa a kan mai sayen tiya ya sauka.

Akwai kuma maganar amana, wadda ita ce ta fi shiga gidajenmu. A da, baƙon ɗan kasuwa yakan sauka wurin maigida, a ci tuwo tare, a san asalinsa, bashi kuma a gaban shaidu ake ƙulla shi. Yanzu mutum yakan tura kuɗin shekara guda ga wanda bai taɓa ganin fuskarsa ba, don kawai muryarsa ta yi daɗi kuma hoton kayansa ya yi kyau. Wasu sun yi arziki ta haka, wasu kuma lambar ta mutu washegari. Na lura dillalan da suka tsira su ne waɗanda suka koma sayar da sanin mutane: su ake kira a tambaya ko wane ɗan gidan wane ne, ko ya taɓa cin kuɗin wani. Manyan Alhazai ma har yanzu ɗa ko ƙane ko surukin gida suke turawa Gwanzu ya zauna, ya taɓa kayan da hannunsa kafin a rufe kwantena.

A Fabrairun 2021 aka aza harsashin layin dogo mai tsawon kilomita 284 daga Kano zuwa Maraɗi, wanda zai bi ta Daura da Katsina da Jibiya. Idan ka tambayi direbobin da ke kwance ƙarƙashin motocinsu ko suna tsoron ranar da jirgi zai karɓe musu kaya, sai su yi dariya, ɗaya ya ciro waya ya nuna maka bidiyon aikin da wani ɗan'uwansa ya turo daga Kazaure.